"In", "at" ko "to": wanne ke bin "participate" a Turanci?

In za ka faɗa da Turanci cewa an yi wani abu da kai, kalmar da ke bin "participate" ita ce "in": "She participated in the debate." Haka ma "take part in". Babu "participate to", ka cire shi daga kanka.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne "at". Shi wuri yake nunawa, ba abin da aka shiga ba. Kafin ka rubuta, tambayi kanka: sunan aiki ne zai biyo, ko sunan wuri? Aiki ya ɗauki "in", wuri irin jami'a ya ɗauki "at", kuma sukan haɗu a jimla ɗaya: "He took part in a workshop at the university." Idan aikatau ne ya biyo bayan "in", sai ka liƙa masa "-ing": "participate in planning the event".

"Attend" da "join" kuwa ba sa son rakiya: "attend the meeting", "join the club". Da ka ce "attend to", magana ta koma kula da wani, kamar yadda likita ke duba majiyyaci. "Join in" kuma na abin da ka tarar ana yi ne, kamar waƙa ko wasa.

"Contribute" da "to" yake tafiya. "Involved in" na aiki ne, "involved with" na ƙungiya ko mutane. Amma a yi hattara, in sunan mutum ɗaya ya biyo "involved with", mai sauraro na iya ɗauka soyayya ake nufi.