Yadda ake sauya bushin lowa am na gaban mota a gida

Motar da ke jigila tsakanin ƙauye da kasuwar mako a kan hanyar burji, irin waɗanda suka ratsa ƙasar Ringim da Taura, ba ta daɗewa bushin ƙafafunta na gaba bai mutu ba. Bushin roba ce mai kauri da ke tsakanin lowa am, wato ƙarfen da ke riƙe ƙafar mota daga ƙasa, da ƙarfen ƙarƙashin mota, kuma ita ce ke shanye gargada. Idan ta tsage, akan ji ƙwanƙwasa daga ƙasa duk lokacin da aka faɗa rami ko aka taka birki, sitiyari ya riƙa rinjaya gefe, taya kuma ta cinye ta ɓangare guda. Kafin a sayi komai, a ɗaga motar a zura liba kusa da robar a banƙara. Idan ƙarfen ya yi wasa ko robar ta buɗe baki, to ita ce.

Zan yi misali da Golf 3, wadda Volkswagen ya fara fitarwa a 1991, domin har yau ita ce jakin hanyoyinmu. Kowane lowa am nata yana da bushin biyu, ƙarami a gaba wanda yake kwance, da babba a baya mai gwangwanin ƙarfe. A sayi na ɓangarorin biyu gaba ɗaya, kuma in za a shiga kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohon a hannu a gwada. A ganina roba ba abin da ake saye ɗan Beljiyam ba ne, domin ta riga ta tsufa tun a can.

A nemi wuri mai tauri, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya da dutse. Ƙasarmu rairayi ce, don haka a shimfiɗa katako mai faɗi ƙarƙashin jak, sannan bayan an ɗaga a tallafe motar da kututture mai ƙwari. Bulon siminti yana fashewa ba tare da gargaɗi ba, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Bayan an cire taya, a jiƙa notuna da kananzir su ɗan sha. Bol join na Golf, wato gaɓar da ke haɗa lowa am da ƙafar mota, notuna uku ne ke riƙe shi a jikin lowa am, sai a zana da ƙusa inda suke zaune kafin a kwance. Daga nan a saki abin da ya haɗa lowa am da sandar balans, a cire dogayen notunan bushin biyu, a zaro ƙarfen.

Fitar da tsohon bushin ne ke cin lokaci. Tun kafin a taɓa babban, a lura da yadda ramukan da ke cikin robarsa suka fuskanta, a yi alama a jikin ƙarfe, domin sabon dole ya zauna haka. Wasu kan cinna wa robar wuta, amma zafi yana raunana ƙarfen da ke ɗauke da ƙafar mota. Abin da ya fi shi ne a fasa robar, a zura zarto ta cikin ramin, a yanka gwangwanin a hankali har ya kusa rabuwa, sai a buge shi da kurfi da guduma ya faɗo. A goge ramin da sanfefa har tsatsa ta fita.

Wanda ba shi da injin matsewa zai iya haɗa nasa da dogon noti mai zare, da wasa masu kauri, wato faya-fayan ƙarfe masu rami a tsakiya, da guntun bututun ƙarfe daidai bakin gwangwanin. Ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan ana dubawa, in ya karkace a sassauta a gyara. Ƙaramin na gaba da ruwan sabulu ake shafa shi. Baƙin mai da giris suna cin roba, duk da cewa su ne suka fi kusa da hannun makanike.

Wurin mayarwa ne aka fi yin kuskure. A ɗaura notunan bushin da hannu kawai, a sa taya, a sauke motar ƙafafunta su ɗauki nauyinta a kan katakai masu kauri yadda za a samu wurin zura sifana, a danna gabanta sau biyu ko uku, sannan a ɗaure tamau. Dalili kuwa shi ne, robar ba juyawa take yi a kan noti ba, murɗewa take yi. Idan aka ɗaure ta alhali ƙafar tana reto a sama, da zarar an sauke mota za ta zauna a murɗe dare da rana, kuma kafin damina ta zagayo ta sake tsagewa, mai mota ya ɗora laifin a kan mai shago.

Bayan an gama, a ɗan zaga da motar a hankali ana saurare, a sake bin notunan taya. Alaimin kuwa ba aikin gida ba ne. A kai ta Dutse ko Kano a daidaita ƙafafun kafin a ɗora mata buhunan riɗi.