Yadda za ka shirya jarabawar da ta yi kama da aikin gaske

Malam, ɗalibi ya haddace abin da ka koyar ya zo ya juye maka a takarda cikin awa uku ya ci A, bayan wata biyu ka tambaye shi babu ko ɗaya a kansa, shi kuwa mai ɗaukar aiki ba hadda yake nema ba, abin da yaron zai iya yi yake so ya gani. Tun a 1989 Grant Wiggins, wani masanin ilimi na Amurka, ya ce a gwada ɗalibi da irin aikin da zai tarar a waje. Ba sai ka jira jami'a ta canza tsari ba, fara da kwas ɗinka.

Ajiye silabus gefe tukuna. Tambayi kanka, wanda ya gama wannan kwas ɗin, ran da ya fara aiki me za a miƙo masa? In ba ka da tabbas kira tsofaffin ɗalibanka da suke aiki yanzu, su za su faɗa maka. Daga nan sai ka gina gwajin. Mai karatun akanta a ba shi lissafin kamfani da aka cusa wa kurakurai, ya zaƙulo su ya rubuta wa manaja rahoto shafi biyu kacal. Mai karatun lauya ya tsaya a kotun gwaji ya kare wanda ake ƙara.

Likitoci ai sun riga kowa a nan. A 1975 Ronald Harden na jami'ar Dundee a Scotland ya fito da OSCE, wato jarabawar gwada ɗaliban likitanci a aikace, ɗalibi yana zagaya tashoshi, kowace 'yan mintuna, nan ya ɗauki bayanin mara lafiya, can ya duba shi, malami na gefe da takarda yana duba abin da ya yi da wanda ya tsallake. Wannan takardar ita ce wajen da nake so ka fi daɗewa. Rubuta ma'aunin makinka dalla-dalla, me ake kira aiki mai kyau, me ake kira na tsaka-tsaki, ka raba wa aji tun makon farko, har da samfurin aikin bara in akwai. Wasu malaman suna ganin kamar satar amsa ce, ni dai ban yarda ba, a wurin aiki ma ai ana faɗa maka abin da ake so.

Sannan ka bari su kawo somin-taɓi, wato yunƙurinsu na farko na aikin, ka yi gyara su koma su sake, maki na biyun ne zai fi nauyi.

Aikin rukuni kam akwai 'yan rakiya, kowa ya sani. Maganinsu minti biyar na tambayar baki, kowa shi kaɗai, me ka yi, don me ka zaɓi wannan hanyar. Wannan ɗin dai shi ke maganin ChatGPT, don tun da ya fito a Nuwamban 2022 rubutun da aka yi a gida ba ya nuna maka komai sosai.

In ajin ya yi yawa kada ka kashe kanka, ware kashi 30 na makin wa irin wannan gwajin a samistar farko, ɗalibai su duba wa juna somin-taɓin da ma'aunin da ka ba su. Kuma ka ce kowa ya adana aikinsa a fayil guda, ranar intabiyu shi zai buɗe ya nuna.