Yadda ake zaɓen allon tuƙi a tsaye da zai yi aiki a dam, ya kuma hau raƙuman teku

Allon tuƙi a tsaye, wanda masu sayarwa ke rubuta wa SUP, faffaɗan allo ne da mutum ke tsayawa a kai yana tuƙawa da dogon filafili guda. Daga bakin tekun Waikiki a tsibiran Hawai na Amurka ya samo asali, ya kuma bazu a farkon shekarun 2000 bayan gwanayen hawan raƙuman ruwa irin su Laird Hamilton da Dave Kalama sun rungume shi. Mazaunin Katsina ko Daura ruwan da yake da shi kwantacce ne: dam ɗin Ajiwa, Zobe ta wajen Dutsin-ma, Jibiya, ko Sabke da Daberam a ƙasar Daura. Teku kuwa sai an je Legas, tafiyar sama da kilomita 1,000.

Abin da ruwan dam ke so daban, abin da teku ke so daban. A kwantaccen ruwa dogon allo miƙaƙƙe ne ke tafiya sumul ba tare da ya karkace ba. Raƙumin ruwa kuma gajeren allo yake so, mai ɗagaggen goshi, mai saurin juyawa. Babu allon da ya gwanance a duka biyun, sai dai wanda ya raba tsakani. Don haka kafin ka tambayi farashi, tambayi kanka kwana nawa za ka yi a dam cikin shekara, kwana nawa a teku. Mafi yawan mutanen nan amsarsu a fili take: dam kowane mako, teku sai an yi tafiya. Ruwan da kake shiga kullum shi ke da haƙƙin zaɓar maka allo, tekun kuma a ba ta abin da ya samu.

Mai tauri ko na hurawa

Allo mai tauri cikinsa kumfa ce mara nauyi, an lulluɓe ta da faiba da gam mai sanƙarewa. A teku babu tantama ya fi, domin gefensa siriri ne, yana kama jikin raƙumin ruwa. Matsalarsa sufuri. Abu ne mai tsawon mita 3 da ba ya lanƙwasa, sai an ɗaure shi a saman mota, kuma ƙwanƙwasa ɗaya a tasha ta isa ta tsaga shi, ruwa ya shiga kumfar ya yi nauyi.

Na hurawa roba ce mai ƙarfi, a cikinta dubban zaruruwa sun haɗe sama da ƙasa, shi ya sa idan an hura yake zama shimfiɗaɗɗe maimakon ya kumbura. Ana sace iskar a naɗe shi kamar tabarma a saka a jaka. Allon kansa kilo 8 zuwa 11 ne, da famfo da filafili jakar ba ta cika wuce kilo 15 ba, ta shiga but ɗin mota ko kayan jirgi. Ga mutumin Katsina wannan kaɗai ya yanke hukunci. Sai fa in kana da inda za ka ajiye allo a Legas ɗin, to a nan mai tauri ya cancanci kuɗinsa.

Tsawo, faɗi da kauri

Lambobi uku ake rubutawa a jikin allo, da ƙafa da inci, misali 10'6" x 32" x 4.7". Na farko tsawo, na biyu faɗi, na uku kauri.

Allunan tafiya mai nisa suna kai ƙafa 12 da rabi zuwa 14, goshinsu tsini ne. Suna da daɗi a dam, amma a teku goshin yakan soke ruwa ya jefar da mai shi. Na hawan raƙuman ruwa zalla ba su cika kai ƙafa 9 da rabi ba, kuma a dam za su gajiyar da kai, don duk tuƙi biyu ko uku sai allon ya karkace ka sauya hannu. Tsakanin ƙafa 10 da ƙafa 10 da inci 6, wato kamar mita 3 zuwa 3.2, nan ne sulhun yake. Mai ƙaramin jiki, ƙasa da kilo 65, zai iya sauka zuwa ƙafa 9 da inci 8.

Faɗi shi ke hana faɗuwa. Inci 32, kimanin santimita 81, ya ishi yawancin masu koyo. Inci 30 ya fi gudu amma yana rawa a ƙarƙashin ƙafa. Abin da ya haura 34 kuma jan jiki yake, kuma filafili ba ya sauka a miƙe kusa da gefensa.

Kauri ne inda ake yawan yin asara. Kusan duk masu araha inci 6 ne, domin kaurin na rufe rashin ingancin robar. A dam da safe ba za ka ga aibinsu ba. Amma allo mai inci 6 yana ɗaga ka sama da ruwa, iska na samun wurin turawa, kuma gefensa mai ƙiba ba ya nitsewa cikin raƙumin ruwa, sai ya yi ta zamewa gefe. Nemi mai inci 4.7 ko 5. Idan nauyinka ya haura kilo 95, ko za ka riƙa ɗora yaro a gaba, to ka haƙura ka ɗauki mai inci 6, tunda siriri zai lotsa da kai. Mai inci 4 na yara ne.

Akwai kuma lambar lita, wadda ke nuna nauyin da allo zai iya ɗagawa, tunda lita ɗaya na ɗaga kilo ɗaya. Mai koyo ya ninka nauyinsa sau 2 zuwa 2 da rabi: mai kilo 75 yana buƙatar lita 150 zuwa kimanin 190. Wannan lissafi ya fi muhimmanci ga allo mai tauri. Na hurawa mai ƙafa 10 da rabi yakan wuce lita 220, don haka a wurinsa ba lita ce abin dubawa ba, tauri ne.

Ga yadda ake gwada taurin. Hura allon zuwa iyakar da aka rubuta, ka ɗora shi a kan benci biyu masu tazarar mita ɗaya da rabi, ka hau tsakiya. Mai kyau zai ɗan sunkuya kaɗan. Wanda ya lotsa sosai haka zai yi a ruwa: tsakiya ta nitse, goshi da wutsiya su ɗaga, tuƙi ya zama wahala. Mai roba ninki biyu ya fi mai ninki ɗaya, kuma wanda aka rubuta yana ɗaukar PSI 18 zuwa 20 (PSI ma'aunin ƙarfin iskar da aka hura ne) yawanci ya fi wanda iyakarsa 12. Araha ba ta ado.

Sannan ka ajiye shi a ƙasa ka duba daga gefe. Goshin ya zama zagayayye, ya ɗan ɗaga sama a kashi ɗaya cikin uku na gaba. Wanda ya kwanta shamɓar daga goshi har wutsiya na dam ne kawai. Wutsiyar kuma ta tsuke, a sami shimfiɗar roba mai hana santsi har bayan, domin a teku ƙafar baya can take komawa.

Fikafikan ƙasa

A ƙasan wutsiya akwai fiffike da ke hana allo kaɗawa. Tsarin da ya dace da aiki biyu shi ne babba ɗaya a tsakiya, ƙanana biyu a gefe. Na tsakiyar ya zama mai cirewa, cikin dogon kwarmi da ake ɗaure shi da noti, ba irin wanda ake zurawa a maƙale da roba ba. Dalili shi ne ana iya matsar da shi. A dam ka sa mai inci 8 ko 9 ka tura shi can baya, allon zai riƙe hanya. A teku ka matso da shi gaba, ko ka sa guntu, sai juyawa ta yi sauƙi. Da bazara, in ruwan dam ya ja baya, kututtura da duwatsu na matsowa kusa da sama, ga kuma komar masunta da mamari a shimfiɗe. Dogon fiffike in ya sarƙe, allon ne zai tsaya cak, kai kuma ka wuce gaba. Ajiye gajere mai laushi, inci 4 ko 5, don irin wannan lokaci.

Filafili da maɗaurin ƙafa

Sayi filafili mai ƙarawa da ragewa, mai rabuwa uku don ya shiga jaka. A dam ya ɗara kanka da santimita 15 zuwa 25. A teku a rage shi ya dawo daidai kai ko sama kaɗan, saboda a duƙe ake tsayawa. Na alminiyon da ake haɗowa da allo yana kusan kilo ɗaya, wasu ma in ruwa ya cika su nitsewa suke, don haka ka jefa shi a ruwa mara zurfi ka gani. Na faiba ko kabon ya fi sauƙi a kafaɗa. Bakin filafilin a karkace yake, kuma karkatar gaba take kallo. Masu koyo da yawa a juye suke riƙe shi.

Maɗauri, wato igiyar da ke haɗa ƙafarka da allon, biyu za ka saya. Mai murɗe-murɗe na dam ne, ba ya jan ƙasa ya kwaso ciyawa. A teku haɗari ne, don yana iya fizgo allon ya dawo maka a fuska. Can miƙaƙƙe ake sawa, tsawonsa daidai da na allon. A kogi mai gudu da damina kada a ɗaura komai a idon sawu, sai na ƙugu mai kwancewa da ja ɗaya. Rigar kariya daga nitsewa dole ce ko ka iya iyo, kuma ba a hawa da kaftani ko babbar riga.

Rana, iska da ƙaya

Zafin nan ya fi teku kashe allo. Iskar da ke ciki tana ƙara ƙarfi da zafi: allon da aka hura zuwa PSI 15 da sanyin safiya, in aka bar shi a kan yashi a watan Afrilu har jikinsa ya kai digiri 60, zai haura PSI 18 ba tare da an taɓa shi ba, gam ɗin ɗinkin kuma ya yi laushi a daidai lokacin. Haka suke fashewa. Zaɓi mai farin launi ko mai haske, in ka fito ruwa ka kai shi inuwa, ka rage iskar da PSI 3 ko 4. Kada ka kai wa mai faci ya hura da injinsa. Hannunsa ya saba da tayar mota mai 30 da ɗoriya. Famfon hannu minti 5 zuwa 10 ne. Allurar gejin ba ta motsi sai iska ta kai wajen PSI 5, ba lalacewa ta yi ba. Kafin ka fara, tabbatar tsinken bawul yana sama, in ba haka ba kana zare tiyo iskar za ta fice gaba ɗaya. Wurin hurawa kuma a share shi, don ƙayar aduwa ko ta bagaruwa ba ta jin kunyar roba.

Da hunturu iska daga arewa maso gabas take busowa, kuma tana ƙaruwa in hantsi ya ɗaga. Fara tafiyarka kana fuskantar iskar, don ta rako ka gida in ka gaji. In ta fi ƙarfinka, durƙusa, ko ka kwanta a kan allon ka tuƙa da hannu. Da damina, hadari na haɗowa daga gabas ka nufi gaɓa, guguwar kan riga ruwan isowa. Nisanci bakin madatsa da wurin da injina ke jan ruwa. Nemi izinin masu kula da dam ɗin, musamman Ajiwa da ke shayar da birnin Katsina, ka gaisa da Sarkin Ruwa da masunta, su za su nuna maka inda ragarsu take da inda zurfi yake. Zobe da Jibiya kuwa sai an bincika halin tsaro kafin a kama hanya. Ruwan da ke kwance yana ɗauke da tsargiya, don haka kada ka daɗe a tsaye cikin ciyawar gaɓa, kuma in ka ga jini a fitsari ka tafi asibiti.

Ranar teku

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ka je Legas, ka iya juya allo a dam ta hanyar matsar da ƙafa ɗaya baya har goshin ya ɗaga, ka kuma saba da sake hawa bayan faɗuwa. Yawancin gaɓar Legas raƙuman ruwanta a kan yashi suke fashewa da ƙarfi, ba wurin koyo ba ne. Tarkwa Bay, wadda sai da kwale-kwale ake zuwa, ta fi kwanciya, kuma akwai masu hawan raƙuman ruwa a wurin da za ka tambaya inda ruwa ke ja. Allon da ka zaɓa iyakarsa raƙumin da bai wuce ƙugu ba. Hura shi har iyaka, ka nisanci masu wanka, in za ka faɗi ka faɗa nesa da shi, hannu a kai.

Bayan an fito a wanke gishiri da yashi da ruwan daɗi, har cikin bawul da mahaɗar filafili, a bari ya bushe sarai kafin a naɗe, naɗi sako-sako. A ajiye a ɗaki mai sanyi, ba shagon kwano ko but ɗin mota ba, a kuma ɗaga shi sama saboda ɓera. In na hannu za ka saya, hura shi, ka shafa ruwan sabulu a bawul da duk layin gefe ka duba kumfa, ka bar shi ya kwana. Ragin PSI ɗaya sanyin dare ne. Huda a jiki ana like ta da faci da gam ɗin da ke zuwa cikin jakar, bawul mai yoyo ana ɗaure shi da sifanarsa. Ɗinkin gefe da ya fara ɗagowa a wurare da yawa kuwa gam ɗin ne ya tsufa, kada ka saya.