Yadda Iyaye Za Su Ci Moriyar Darussan Tarbiyyar Matasa na Intanet

Iyaye da yawa sukan yi rajista a darussan tarbiyya na intanet da zumuɗi, su kalli darasi ɗaya ko biyu, sannan hidimomin yau da kullum su ɗauke musu hankali. Mai son amfana ya fara da zaɓar shirin da aka gwada a kan iyalai na gaske. Shirin Triple P, wanda Farfesa Matthew Sanders ya ƙirƙiro a Jami'ar Queensland ta Ostareliya, yana da sashe na musamman domin iyayen matasa. Akwai kuma Parenting for Lifelong Health, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka samar tare da jami'o'i irin su Oxford. An fara gwada sashensa na matasa ido da ido a Afirka ta Kudu, kuma sakamakon da aka wallafa a 2018 ya nuna raguwar duka da zagi a gidajen da suka shiga, daga baya aka mayar da darussan zuwa manhaja da saƙonnin WhatsApp.

Bayan zaɓi, a keɓe lokaci tsayayye a kowane mako, ko da bayan sallar isha'i ne, a riƙa bin darasi ɗaya kawai. Abin da ya fi komai nauyi, a ganina, shi ne aikin gidan da ke biyo bayan darasi, domin matashi ba ya ganin abin da mahaifinsa ya kalla a waya, sauyin hali kawai yake gani. Idan darasi ya ce a zauna da yaro minti biyar ba tare da faɗa ba, ko a yaba masa kan wani takamaiman abin kirki da ya aikata, to a yi hakan a makon, ko da ya kalle ka da mamaki, kuma tabbas zai kalle ka ɗin. Uwa da uba su daidaita baki kan dokokin gida, musamman batun waya da lokacin dawowa da dare, su kuma bar yaron ya sa baki wajen tsara su.

Yana da kyau a sami abokin tafiya, wato ɗan'uwa ko maƙwabcin da ke bin shirin, saboda waɗanda ake tuntuɓa sun fi kai wa ƙarshe. Sauyi yakan fara daga iyaye, sai bayan makonni a ga gardama ta ragu kuma yaron ya soma buɗe baki. Idan kuwa ya daina cin abinci ko barci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya ambaci cutar da kansa, a kai shi wurin likita ba tare da jinkiri ba.