Ganin Likitan Ƙwaƙwalwa da Laka: Yaushe Waya Ta Isa, Yaushe Sai An Je

Duk wanda ya taɓa ɗauko mai ciwon gadon baya daga Dukku ko Kaltungo zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ya san cewa hanyar ma kaɗai jinya ce. Tun lokacin annobar korona a 2020 likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka a ƙasashe da dama suka rungumi duba marasa lafiya ta bidiyo, saboda haka ba laifi ba ne ka tambayi likitanka ko zai amince da hakan.

A ganina, zuwan farko ba na waya ba ne. Dole likita ya ƙwanƙwasa gwiwa da 'yar gudumarsa, ya sa mara lafiya ya tokare hannunsa da ƙafa don ya ji ƙarfinta, ya gwada ko fata na jin tsini, ya kuma haska cikin ido ya ga ko akwai abin da ke matse ƙwaƙwalwa. Inda waya ke da amfani shi ne bibiya: bayanin sakamakon hoto, gyaran adadin maganin farfaɗiya, ko duba ɗinkin da ke warkewa lafiya.

Idan an ba ka lokacin ganin likita ta bidiyo, ka shirya tun ana gobe. Ka cika waya da caji, ka sayi data, ka nemi inda sabis ya fi ƙarfi. Hoton CT ko MRI (hoton cikin jiki da na'urar asibiti ke ɗauka) da ke kan leda, ka manna shi jikin taga da rana, ka kashe fitilar kyamara, ka ɗauki kowane ɗan hoto da ke jikin ledar daban-daban da wayarka don likita ya gani, sannan ka haɗa da takardar rahoton, domin hoton da aka ɗauka a kan tabarma duhu kawai likita zai gani. Ka jera kwalayen magunguna a gabanka, musamman masu tsinka jini irin su asfirin. A samu mai jinya ya riƙe wayar, saboda za a iya cewa mara lafiya ya taka a kan dunduniya, ko ya miƙa hannuwansa biyu idanu a rufe. In yaro ne da aka sa wa bututun zuƙe ruwa a kai, a auna kewayen kansa da tef irin na tela, a rubuta lambar da ranar.

Akwai alamun da ba a jiran kira a kansu. Sabuwar shanyewar hannu ko ƙafa, fitsari ya tsaya ko ya riƙa zuba ba da sani ba, matsematsi ya mutu, ɗinki ya fara fitar da mugunya ko ruwa garai-garai, ciwon kai mai ƙaruwa da amai bayan faɗuwa daga babur, duk na sashen gaggawa ne a ranar. Haka ma jaririn da maɗigarsa ta kumbura, yana yawan barci, ya ƙi nono: a goya shi a kama hanya, a buga wa likitan daga cikin mota.