Auna kuɗinka da mudu, ba da naira ba

Dubu ɗari da aka ajiye bara tana nan dubu ɗari, amma cefanen da za ta yi ya ragu. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Raba ₦100,000 da 1.348, za ka samu wajen ₦74,000. Wato a shekara guda kusan rubu'in ajiyar ya zagwanye, ba ɓarawo, ba gobara.

Amma lissafin hukuma na ƙasa ne baki ɗaya, kai na gidanka kake buƙata. Samu ɗan littafi ka rubuta abubuwa goma da ba ka rabuwa da sayensu: mudun masara, shinkafa, wake, kwalbar manja, gawayi, kuɗin Keke zuwa wurin aiki da sauransu. Ranar ɗaya ga kowane wata ka ɗauki farashi a kasuwa guda. In Kasuwar Bacci ta Kaduna ce, to ita ce kullum. Kada ka haɗa da na kasuwar Kawo, domin mudu ma wani ya fi wani ciki. Tara jimillar, ka raba albashinka da ita. In adadin yana sauka, ana rage maka albashi ne ko da an yi ƙari. Mai mafi ƙarancin albashi na ₦30,000 a farkon 2023 yana iya sayen fetur fiye da lita 150 a farashin hukuma. Da mafi ƙarancin albashi ya koma ₦70,000 a 2024, a ƙarshen shekarar da ƙyar ya kai lita 70.

'Yan kasuwa sun fi kowa faɗawa wannan rami. Ka saro katan ₦10,000, ka sayar ₦11,500 kana murnar riba, ka koma wurin dila ya ce ₦12,000. Uwar kuɗi ka ci. Sa farashi bisa abin da za ka saro gobe.

A adashi kuwa, mai kwasar ƙarshe shi ke ɗaukar asarar. A taƙaita zagayen zuwa wata shida, ko a riƙa juya layi.

Hatsin da gida zai ci, saye shi da kaka, ka tabbatar ya bushe ƙayau, ka ɗure a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ka ɗora kan katako saboda danshi. Na ci ke nan. Na jiran tsada kasada ce: waɗanda suka tara masara suna jiran bazarar 2025 sun gamu da faɗuwar farashi, ga kuɗin sito a kai.