Kurakuran da aka fi yi wajen cire maneti daga PS4

Shekara biyar ke nan ina riƙe da ɗakin wasa a Zango, nan cikin Damagaram, da na'urar wasa ta PS4 uku da tele uku, kuma na gaji da maimaita magana ɗaya kullum kan yadda ake cire maneti, wato abin da ake riƙewa a hannu ana buga wasa, daga na'ura.

Kuskuren da har yau nake jin zafinsa shi ne na ƙanena. Mun sayar da wata tsohuwar maneti, na ce masa ya cire sunanta daga na'ura, na tafi sallar la'asar. Shi kuwa ya shiga Paramètres, ya gangara har ƙasa, ya ga Initialisation, ya danna Initialiser la PS4. Kafin in dawo na'ura ta koma kamar ranar da ta fito daga kwali. Wasannin da ke ciki, da kakar ƙwallon da yaran unguwa suka yi wata huɗu suna bugawa, duk sun tafi. Na ce masa, kai yanzu don ka kashe sauro ɗaya sai ka cinna wa ɗaki wuta? Ya ce, "Yaya, na ga an rubuta zai goge." Ai ya goge ɗin. Kwana uku na yi ina sake saukar da wasanni, ga tsadar mega, ga kuran da ke ɗaukewa ana tsakiyar aiki.

Alhali abin ba wuya. Paramètres, sai Périphériques, sai Périphériques Bluetooth. Ka zaɓi manetin, ka danna Options, ka zaɓi Oublier le périphérique. A PS5 hanyar ta bi ta Accessoires ne. Duk inda ka ga kalmar Initialiser, janye hannunka.

Na biyu ni da kaina na yi shi, ba zan ɗora wa kowa ba. Jerin ya cika da suna iri ɗaya, na hau gogewa, har da manetin da nake aiki da ita. Ban damu ba, tunda da igiyar USB ake maido ta: ka soka, ka danna maɓallin PS na tsakiyar maneti. Na soka, shiru. Na canza igiya, shiru. Ashe igiyoyin salula da na saya da araha a kasuwar Dolé wuta kawai suke kaiwa, ba sa ɗaukar bayani. Maneti tana caji, fitila na ci, amma na'ura ba ta san da zamanta ba. Ranar Asabar ce, yara cike da benci riƙe da kuɗinsu, na rufe tele ɗaya har magariba. Tun ranar nake da igiya guda mai kyau da na ɗaure wa jan zare, tana cikin aljihun tebur, ko Alhaji mai gidan ya aiko aro ba na bayarwa.

Dabarata yanzu ita ce in kunna duk manetin da nake so su zauna kafin in shiga jerin. Waɗanda ke haɗe za ka ga ɗigo kusa da sunansu, wadda ba ta da shi ita ce baƙuwa.

Ku kuma masu ɗaukar maneti ku haɗa da salula, kuna danna PS da Share har fitila ta riƙa ƙyaftawa, sannan ku ajiye ku sulale: ku ji tsoron Allah. Manetin PS4 gida ɗaya take bi a lokaci guda. Da ta kama wayarka ta saki na'urata, sai an koma ga igiya. Haka ma in an kai ta gidan aboki.

Kashe maneti ba cire ta ba ne. Riƙe PS daƙiƙa 10 kashewa kawai yake yi, ana sake dannawa ta dawo, har ta kunna na'urar da kanta. In ta ƙi haɗuwa sam, akwai ƙaramin rami a bayanta kusa da L2, ka danna shi da tsinke na daƙiƙa 5, kada ka kai ta wurin mai gyara tukuna. Abin kunne na Bluetooth irin na salula kuwa, yawanci PS4 ba ta karɓarsa, goge jerin duka ba zai sa ta karɓa ba. Ni dai na soka mai igiya a gindin maneti na huta.